Amosanin Gaɓɓai da Garkuwar Jiki: Me Bincike Ya Gano, Wa Zai Amfana a Jos?

A ranar 6 ga Oktoban 2025 aka sanar da cewa lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci ta tafi hannun mutum uku: Mary Brunkow da Fred Ramsdell 'yan Amurka, da Shimon Sakaguchi ɗan Japan. An karrama su ne saboda gano yadda garkuwar jiki take tsawata wa kanta don kada ta afka wa jikin da take karewa. Tun kafin wannan, daga shekarar 2021, labarai sun riƙa fitowa daga Jamus cewa an yi wa wasu masu cutar garkuwar jiki wani sabon magani, har suka daina shan ƙwayoyi gaba ɗaya.

Irin wannan labari, kafin ya iso kunnen dattijon da gwiwa ta hana shi sujada a Gangare ko Anguwar Rogo, ya riga ya gajarce zuwa jimla ɗaya: an gano maganin sanyin ƙashi. Gaskiyar lamarin ta fi haka tsawo. Binciken ya ci gaba ƙwarai, amma a kan wani rukuni na cututtukan ne kawai, kuma mafi yawan masu kukan gaɓɓai ba a cikin wannan rukunin suke ba. Waɗanda kuwa suke ciki, abin da ya fi cutar da su a yau shi ne daɗewar da ake yi kafin a gane su.

Cututtukan da aka tara a suna ɗaya

Abin da jama'a ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, a wurin likitoci cututtuka ne sama da ɗari. Dalilansu daban, maganinsu daban, har wani maganin da ke taimakon wannan yana iya illata wancan.

Mafi yawa ita ce zaizayar gaɓa. Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi yana sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri ya fitar da tsiro a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da ita, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Shekaru da ƙiba da tsohon rauni da aikin ɗaukar kaya su ne manyan masu jawo ta. Ciwonta yana tashi idan an yi tafiya ko an hau bene ko an daɗe a zaman tahiya, ya lafa idan an huta. Da safe gaɓar takan ƙage, amma kafin rabin awa ta saki.

Ta biyu ita ce wadda likitoci ke kira rumatoyid, inda garkuwar jiki da kanta take kai wa tantanin da ke zagaye da gaɓa hari. Masu ita ba su kai na farko yawa ba, kusan miliyan 18 a duniya a 2019, kuma bakwai cikin goma mata ne. Takan fara ne a ƙananan gaɓɓan yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu a tare. A ɗauki misalin mace 'yar shekara talatin da biyar mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Ta tashi da asuba, yatsunta sun kumbura sun ƙi dunƙulewa, ba ta iya ɗaura zani, ba ta iya murɗa marfin jarka, sai 'yarta ta zuba mata ruwan alwala. Sai wajen hantsi hannun ke saki, kuma abin mamaki, aiki ne ke sassauta shi, zama kuwa ya ƙara ƙage shi. Ga kasala da ramewa. Wannan ƙagewar safe mai kai awa guda ko fiye ita ce babbar alamar da ke raba ta da zaizayar gaɓa.

Sai gawut, wadda ta fi kama maza. Wani sinadari da ake kira yurik asid yana taruwa a jini har ya daskare cikin gaɓa ya zama tsinke-tsinke masu kaifi. Mutum ya kwanta lafiya, cikin dare babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ba ya so ya taɓa shi. Sai lufus, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Ita ba ta tsaya a gaɓɓai ba, tana kama fata da gashi da jini, mafi haɗari kuma ƙoda.

Akwai kuma rukunin da bai kamata a manta da shi a Arewa ba. Ƙwayar cuta na iya shiga gaɓa ɗaya ta tara ruwan mugunya, gaɓar ta yi zafi da zazzaɓi, kuma cikin 'yan kwanaki ta lalace idan ba a kai asibiti ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya da ƙugu. Cutar da ake ɗauka daga ɗanyar madarar shanu ko wajen taɓa mahaifar dabba, wadda likitoci ke kira burusela, tana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa tare da ciwon baya da gaɓɓai, abin lura ga makiyaya da mahauta. Masu amosanin jini kuwa, ƙashin ƙugunsu yakan mutu saboda jini ya daina isa gare shi.

Yadda kumburi yake tashi, da dalilin da ya sa yake ƙin sauka

Kumburi a asalinsa aikin kariya ne. Idan ƙaya ta soki mutum, ƙwayoyin garkuwa da ke wurin suna sakin wasu sinadarai masu isar da saƙo, hanyoyin jini su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwararo. Zafi da ja da kumburi da raɗaɗi duk daga nan suke. Idan an gama da maharin, sai a kashe wutar. Abin yana kama da 'yan sintirin unguwa: suna da amfani muddin sun san ɗan gida sun san baƙo, kuma akwai mai unguwar da zai ce musu ya isa. Aikin da aka ba wa lambar Nobel a kansa shi ne gano wannan mai tsawatarwar. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa akwai wani jinsin fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne danne 'yan uwansu. A 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gado mai suna Foxp3, wadda idan ta lalace ɓera ko jariri ke kamuwa da mummunar cutar garkuwar jiki. A 2003 aka tabbatar cewa wannan ƙwayar gadon ce ke tafiyar da waɗancan ƙwayoyin masu tsawatarwa. Fahimta ce babba, amma har yanzu magungunan da za a gina a kanta suna matakin gwaji.

Me ke sa garkuwa ta fara ɓata hanya a rumatoyid? Bincike ya nuna haɗuwar gado ce da muhalli. Tun 1987 aka gano wani yanki a ƙwayoyin gado masu suna HLA da ke ƙara haɗarin kamuwa. Masu bincike a Siwidin suka nuna cewa wanda yake da wannan gadon kuma yana shan taba, haɗarinsa ya ninka sau da yawa. Bayanin da aka fi karɓa shi ne, hayaƙi yana sauya siffar wasu sinadaran gina jiki a cikin huhu, garkuwa ta ɗauke su baƙi, ta ƙera makamai a kansu, daga baya makaman su tarar da irinsu a gaɓɓai. Ana zargin ciwon dasashi da irin wannan rawar. Ƙurar dutse ma tana cikin jerin: tun 1953 wani likita mai suna Anthony Caplan ya lura da alaƙar cutar huhu da rumatoyid a tsakanin masu haƙar kwal na yankin Wales a Birtaniya, kuma binciken baya ya tabbatar cewa shaƙar ƙurar duwatsu yana ƙara haɗarin. Wannan ya shafi Filato kai tsaye, jihar da ake haƙar kuza sama da shekara ɗari, kuma har gobe mata da matasa ke fasa dutse da guduma a bakin hanya ba tare da rufe hanci ba.

Wani abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne gano cewa cutar tana farawa shekaru kafin ciwo ya bayyana. A Holan an koma kan jinin da mutane suka bayar gudummawa tun suna lafiya, aka tarar makaman garkuwar suna cikin jinin wasunsu shekaru kafin gaɓa ta fara kumbura. An ga irin haka a lufus a jinin sojojin Amurka da aka adana.

Gawut kuwa hanyarta daban. A 2006 masu bincike a birnin Lozan na Suwizalan suka nuna cewa tsinken yurik asid yana tayar da wata na'urar ƙararrawa a cikin ƙwayoyin garkuwa, ita kuma ta saki sinadarin kumburi mai ƙarfi. Garkuwar ba ta rikice ba, akwai abin da take yaƙa da gaske. Shi ya sa idan aka sauke yurik asid ƙasa aka riƙe shi a can, tsinken yakan narke, ciwon ya daina dawowa.

Shin sanyin Jos ne ke kawo shi?

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya kwana a cikinsa a Disamba ko Janairu ya san jaura. Masu ciwon gaɓɓai da yawa suna rantsuwa cewa hunturu da damina ne lokacin wahalarsu. Likitoci kuma sukan ce sanyi ba ya haddasa cutar. Ana iya sulhunta maganganun biyu, domin haddasa cuta daban, tayar da ciwo daban.

Babu hujjar cewa iska mai sanyi ko wanka da ruwan sanyi ko kwana a siminti suna cinye guringuntsi ko suna rikita garkuwa. Cututtukan nan suna nan a Sakkwato da Maiduguri kamar yadda suke a Bukuru. Game da tayar da ciwo kuwa, sakamakon bincike ya rabu. Jami'ar Mancesta a Ingila ta bi mutane sama da 2,600 masu ciwo mai daɗewa ta wayar salula, ta buga sakamakon a 2019: ranakun da iska ke da laima, ko ake kaɗawa da ƙarfi, ko nauyin iskar ya ragu, yiwuwar ciwo ya tsananta tana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Sanyi shi kaɗai bai nuna alaƙa mai ƙarfi ba. Wani binciken a Amurka a 2017, da ya duba zuwan tsofaffi asibiti sau miliyoyi, bai ga ƙaruwar kukan gaɓɓai a ranakun ruwan sama ba. A gawut dai akwai gaskiya a zancen sanyi, don yurik asid ya fi saurin daskarewa a wuri mai sanyi, kuma ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa babban yatsan ƙafa ya fi shan wahala.

Illar ɗora wa sanyi laifi ita ce mai rumatoyid yakan jira bazara, yana gashi da ruwan zafi yana shafa man zafi, alhali gaɓar tana ci gaba da lalacewa.

Zaton da aka daɗe ana yi game da 'yan Afirka

Shekaru da dama ana koyar da ɗaliban likitanci cewa cututtukan garkuwar jiki ba su cika kama baƙar fatar Afirka ta Yamma ba. Zancen yana da tushe. A 1968 Brian Greenwood, likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya kuma ya shafe shekaru a Zariya, ya duba bayanan marasa lafiya ya ga cututtukan ba su da yawa. Ya kawo hasashen cewa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin cuta ne ke shagaltar da garkuwa har ba ta juyo kan jiki. A 1993 aka buga binciken da aka yi a garin Igbo-Ora na Jihar Oyo, inda aka duba kusan mutum dubu biyu ba a samu mai rumatoyid tabbatacce ko ɗaya ba.

Masu ɗaya ra'ayin sun ce rashin gani ba ya nufin babu. Inda babu ƙwararren likita kuma babu gwaji, mai lufus za a yi ta ba ta maganin maleriya da taifot har ƙoda ta tsaya, a rubuta cewa ciwon ƙoda ne ya kashe ta. Da aka buɗe asibitocin gaɓɓai, marasa lafiya suka bayyana. Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas sun buga bayanin mutum 200 masu rumatoyid a 2010. Kuma an daɗe da sanin cewa a Amurka da Birtaniya, mata baƙar fata sun fi farare kamuwa da lufus, kuma ta fi yi musu tsanani. A Jos ma an yi binciken gida-gida a unguwar Katon Rikkos, wanda aka buga a 2017, ya nuna ciwon gaɓɓai da tsoka ya yaɗu sosai, zaizayar gaɓa ce kan gaba, masu cututtukan garkuwa kuma 'yan kaɗan.

Ba a rufe wannan muhawara ba. Mai yiwuwa kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya: a da ba a ganowa, kuma ƙaura zuwa birni da taba da ƙiba da tsawon rai suna ƙara yawan masu cutar. Akwai kuma alamar cewa abin da aka gano a jikin Turawa ba lallai ya zauna daidai a nan ba. Ƙwayar gado mai suna HLA-B27 tana da alaƙa mai ƙarfi da cutar ƙagewar ƙashin baya a Turai. Amma binciken da aka yi a tsakanin Fulanin Gambiya, aka buga a 1997, ya tarar kusan kashi 6 cikin ɗari suna ɗauke da ita, ba a kuma samu mai cutar a cikin waɗanda aka duba ba. Gwajin jinin rumatoyid na gargajiya ma yakan fito da alama a jikin mai ciwon hanta ko tarin fuka ko tsoho mai lafiya, don haka a ƙasar da waɗannan suka yawaita, takardar gwaji ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Sabon gwajin da ake kira anti-CCP ya fi shi tantancewa, sai dai ya fi tsada kuma ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba.

Daga kotizon zuwa allurai masu tsada

A Satumban 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench ya yi wa wata mata 'yar shekara 29 da rumatoyid ta kwantar allurar kotizon, wani sinadari mai danne kumburi. Cikin kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba illolin suka bayyana: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, saurin kamuwa da cuta. Jikokin wannan maganin su ne firednisolon da dekzametason da ke kowane kemis a yau.

Maganin da ya zama ginshiƙi shi ne metotirekset, tsohon maganin ciwon daji da aka gano cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana danne rumatoyid. Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 1988. Yana da araha idan aka kwatanta da na bayansa, kuma yana hana gaɓa lalacewa, abin da maganin kashe zafi ba ya yi. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Mutane sun mutu saboda kuskuren shan sa kullum.

Babban juyi ya zo daga Landan, inda Marc Feldmann da Ravinder Maini suka nuna cewa a cikin tarin sinadaran kumburi akwai guda, TNF, da ke jan ragamar sauran. A 1992 suka gwada toshe shi a jikin marasa lafiya, sakamakon ya ba da mamaki. Daga 1998 allurai irin wannan suka shiga kasuwa. Ɗaya daga cikinsu, Humira, ta kawo wa kamfaninta sama da dala biliyan 20 a shekarar 2022 kaɗai. Duk da haka kusan kashi ɗaya cikin uku na masu karɓar irin waɗannan allurai ba sa samun sauƙin da ake nema. A 2012 aka fito da ƙwayoyin sha masu toshe saƙon kumburi daga cikin ƙwayar halitta, amma a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora musu gargaɗi mai ƙarfi kan ciwon zuciya da daskarewar jini da ciwon daji.

Labarin Jamus kuwa daga jami'ar Erlangen ya fito, ƙarƙashin Georg Schett. Ana ɗebe ƙwayoyin garkuwar mara lafiya, a sauya su a ɗakin gwaji, a mayar da su jiki su share ƙwayoyin da ke ƙera makaman da ke cutar da jiki. An fara da wata budurwa mai lufus a 2021, zuwa 2024 aka buga bayanin mutum 15. Sakamakon yana da kyau, amma adadin kaɗan ne, sai an fara ba mutum maganin ciwon daji mai ƙarfi, kuma kuɗin ya kai dubban ɗaruruwan daloli.

Duk wannan ci gaban bai taɓa zaizayar gaɓa ba. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana mayar da guringuntsin da ya cinye. Babban gwajin da aka yi a Amurka kan gulukosamin, ƙwayar da ake tallatawa don gyaran guringuntsi, aka buga a 2006, bai nuna ya fi ƙwayar bogi ba a jimlar waɗanda aka gwada. Abin da ke da hujja shi ne motsa jiki don ƙarfafa tsokar cinya, rage ƙiba, sanda, maganin zafi na shafawa, da tiyatar sauya gaɓa idan abin ya kai maƙura. An auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku.

Haɗin kemis

Mafi yawan masu ciwon gaɓɓai ba sa fara zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Kemis na bakin layi suke zuwa. Mutum ya ce, "Malam, a haɗa mini na ciwon jiki." Mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya zuba a 'yar farar leda, ya ce a sha safe da dare bayan an ci abinci. A ciki sau da yawa akwai diklofenak, akwai ibufurofen ko firoksikam, akwai kuma 'yar ƙaramar ƙwayar dekzametason ko firednisolon. Babu kwali, babu suna. Washegari mutum ya ji garau, don haka ya koma.

Biyun farko dangi ɗaya ne. Tun 1971 John Vane ya gano cewa irin waɗannan magunguna suna aiki ne ta hana jiki ƙera wasu sinadarai masu kawo raɗaɗi, sai dai waɗannan sinadaran ne kuma ke kare bangon ciki da kula da gudun jini a ƙoda. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, haɗarin gyambon ciki da aman jini da ciwon ƙoda yake ƙarawa, musamman ga tsoho mai hawan jini ko suga. Ko manyan kamfanoni sun sha kaye a wannan fage: a 2004 aka janye maganin kashe zafi mai suna Vioxx daga kasuwannin duniya saboda yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ita kuwa 'yar ƙaramar ƙwayar, ita ce dai wadda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Wanda ya yi watanni yana shan ta bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, domin jiki ya riga ya rage ƙera nasa, sai likita ya janye ta a hankali.

Masu maganin gargajiya suna da hujjarsu: suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, suna sauraron mutum, kuma gashi da tausa suna sassauta ciwo. Kolcisin ma, maganin gawut da likitoci ke rubutawa har yau, daga tsiro aka samo shi. Matsalar tana wuri biyu. Tsaga da ƙaho a kan gaɓar da ta kumbura suna iya shigar da ƙwayar cuta, kuma maɗori ba shi da abin yi wa gaɓar da ba ta karye ba. Sannan wasu magungunan da ake tallatawa da sunan na ganye ana cusa musu na asibiti a ɓoye. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani mai suna Artri King bayan an gano dekzametason da diklofenak a cikinsa.

Ina ya kamata kuɗin ya tafi?

A nan masana sun kasu. Wasu na ganin adalci shi ne ɗan Najeriya ma ya samu allurai na zamani, tunda kwafinsu masu rahusa sun daɗe da shiga kasuwar Turai, kuma akwai marasa lafiyar da metotirekset ba ya riƙe su. Wasu kuma na nuni da cewa allurar toshe TNF tana tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, abin da aka tabbatar tun 2001, kuma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Kusan kashi 8 cikin ɗari na manya kuma suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma yakan farka. Allurar tana buƙatar firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas. A ganinsu, kuɗin allurar mutum ɗaya zai horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun da wuri, ya kuma saya wa mutane da yawa metotirekset da haidiroksikulorokwin na lufus da alofurinol mai sauke yurik asid.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi a halin da ake ciki, saboda abin da bincike ya nuna game da lokaci. Wanda aka fara wa maganin danne rumatoyid cikin wata uku zuwa shida na farko ya fi samun damar cutar ta kwanta, kuma yawancin ɓarnar ƙashi tana farawa cikin shekara biyu na farko. Yatsan da ya riga ya karkace, ko allurar dala dubu ba ta miƙe shi. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kuwa ƙalilan ne a ƙasar, galibinsu a manyan asibitocin koyarwa, don haka ganowar farko tana hannun ma'aikacin asibitin unguwa.

Misali mafi bayyana shi ne zazzaɓin gaɓɓai na yara. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro, wani lokaci a kai shi wurin wanzami a cire beli, bayan mako biyu ko uku gwiwa ta kumbura, ta saki, idon sawu ya ɗauka. Gaɓɓan suna warkewa, amma garkuwar da ta rikice tana lalata ƙofofin zuciya. Kusan mutum miliyan 40 ke fama da wannan ciwon zuciyar a duniya, yana kashe kimanin 300,000 a shekara. Gwajin da aka yi a Gulu ta ƙasar Yuganda, aka buga a 2021, ya nuna allurar fenisilin duk mako huɗu ta sauke yawan yaran da ciwonsu ya ci gaba daga kusan kashi 8 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1.

Abin da mai ciwo zai riƙe

Gaɓa ɗaya mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi, ta asibiti ce a ranar. Kumburin yatsu da ƙagewar safe da suka kai mako shida suna buƙatar likita, ko da haɗin kemis yana kwantar da su. Budurwa mai ciwon gaɓɓai da zubewar gashi da gyambon baki da kumburin ƙafa, a duba fitsarinta. Mai gawut ya sani cewa rage kayan ciki da jan nama da giya da burkutu da lemon kwalba yana taimakawa, amma yawancin matsalar daga ƙoda ce da ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, shi ya sa alofurinol na kullum ne, kuma wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ɗaga shi. Mace mai shan metotirekset ta gaya wa likita kafin ta nemi ciki, domin yana illata ɗan tayi, akwai kuma waɗanda za a musanya mata da su.

Sai batun aljihu. Sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga hannun mara lafiya yake fita, kuma farashin magani ya yi tashin gwauron zabi bayan faɗuwar naira da janyewar kamfanonin magani irin su GSK a 2023. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, Jihar Filato kuma tana da hukumarta, PLASCHEMA. Ga mai cutar da za a sha wa magani shekara da shekaru, tare da gwajin jini da na hanta duk 'yan watanni, yana da kyau kafin ya yi rajista ya tambaya a fili ko tsarin ya ƙunshi waɗannan gwaje-gwaje da magungunan, da kuma takardar tura shi wurin ƙwararre.